Laftop ta ƙi tashi bayan an ɗaga ta zuwa Windows 11: tambayoyi da amsoshi

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a suka yi ta rububin komawa Windows 11, wasu da son ransu, wasu kuma saƙon da ke ta faɗo musu a allo ne ya ishe su. Da yawa sun haye lafiya. Wasu kuwa sun bar kwamfuta tana aiki da daddare, da safe suka tarar ta maƙale a tambarin kamfani, ko allo ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi shuɗi yana neman wasu lambobi da ba su taɓa jin labarinsu ba. A mafi yawan irin waɗannan matsaloli na'urar lafiyarta ƙalau, fayilolin mai ita kuma suna nan inda ya bar su. Abin da ya fi cinye fayilolin mutane shi ne famatin ɗin da ake yi cikin gaggawa, tun ba a karanta abin da allon ke faɗi ba.

Ta daɗe tana juya ɗigo-ɗigon nan, ko ta tsaya a kan kaso ɗaya ba ta motsi. In kashe ta?

Ka dakata tukuna. Sauya Windows gaba ɗaya aiki ne mai nauyi, kwamfutar takan kashe kanta ta sake tashi sau da yawa, kuma takan tsaya a kan kaso guda har ka ɗauka ta sandare. Idan tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta, ba SSD ba (sabon faifai mai sauri wanda ba ya juyawa), ga RAM ɗin gigabait 4 kacal, to awa biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Ka duba ɗan fitilar faifai da ke gefen wasu laftop. Muddin tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Idan ka ga rubutun Undoing changes made to your computer, wannan Windows ce da kanta ta ga tafiyar ba za ta yiwu ba, tana mayar da kai inda ka fito. Kada ka taɓa ta, ka bar ta a jikin caja.

In kuwa an shafe awoyi babu ƙyaftawa babu sauyi, sai ka cire duk abin da ke maƙale da ita: filash, katin ajiya, firinta, maus, modem. Sau da yawa filash ɗin da aka manta a jikinta ne take ƙoƙarin tashi daga cikinsa. Ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ka zare caja, ka cire batir in mai cirowa ne, ka sake danne maɓallin na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan ka mayar da komai ka kunna.

An ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, batirin kuma dama ba ya riƙe caji. Ta lalace ke nan?

Ya danganta da abin da ake yi a lokacin da ta mutu. Idan Windows ce ake ɗorawa, galibi da ka kunna za ta nemi komawa tsohuwar da kanta, in ta kasa kuma akwai hanyoyin da za a bi a ƙasa.

Wanda ya fi muni shi ne wuta ta ɗauke ana sabunta BIOS, wato manhajar da ke kan allon uwa (motherboard), wadda ke tayar da na'urar tun kafin a zo ga Windows. Mutane da yawa ba su san cewa Windows Update kan kawo sabuntawar BIOS tare da sauran ba. Alamar wannan ita ce allo baƙi tun daga farko, ko tambarin kamfani ba ya fitowa, fanka na juyawa, fitilar Caps Lock ko ta caji tana ƙyaftawa da wani ƙidaya na musamman. Ko a nan ma akwai abin gwadawa kafin a fitar da rai. A yawancin laftop na HP, tana kashe kuma caja na jikinta, ka danne maɓallin Windows da B tare, ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyu zuwa uku ka saki, ka ci gaba da riƙe waɗancan biyun har shafin farfaɗo da BIOS ya fito. A Dell kuma, ka zare caja, ka danne Ctrl da Esc, ka mayar da cajar kana riƙe da su. In babu wanda ya yi, to aikin ya zama na mai gyaran da ke da na'urar sake rubuta BIOS. Famatin ba ya maganin wannan ko kaɗan, duk wanda ya ce maka zai yi, bai gane matsalar ba.

Ana ta cewa in shiga shafin gyara. Ta ina, tunda Windows ɗin ba ta buɗewa?

Windows tana da wani ƙaramin shafin gyara da ke zaune a keɓe a cikin faifai, kuma tana shiga shi da kanta idan ta kasa tashi sau biyu a jere. Kai ma za ka iya tilasta mata. Ka kunna, da zarar tambari ya fito ɗigo-ɗigon sun fara juyawa, ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Ka maimaita. A karo na uku ka ƙyale ta, za ka ga Preparing Automatic Repair. Idan ta gama ta ce ba ta iya gyarawa ba, ka zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma.

A nan za ka ga Startup Repair, Startup Settings, Command Prompt, Uninstall Updates da System Restore. Ka fara da Startup Repair, ba don yana yawan yin nasara ba, sai don ba ya ɓata komai. Idan shafin gyaran ma ya ƙi fitowa, sai a nemi wata kwamfuta mai lafiya da filash mai gigabait 8 ko fiye, a sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft a haɗa filash ɗin ɗora Windows. Ka sani zai share duk abin da ke cikin filash ɗin, kuma zai ci data sama da gigabait 5, don haka a nemi inda intanet ke da ƙarfi. Idan ka tayar da laftop ɗin daga filash, kada ka danna Install. Ka nemi inda aka rubuta Repair your computer, ko Repair my PC a sababbin fitowa.

Zan iya komawa Windows 10 ɗina yadda take?

Ƙwarai, amma cikin kwana 10 kawai. Lokacin da ake ɗaga kwamfuta, Windows kan tattara tsohuwar ta ajiye a wata jaka mai suna Windows.old. Daga shafin gyara ka zaɓi Uninstall Updates, sai Uninstall latest feature update. Idan kuma Windows 11 ɗin tana buɗewa amma tana wahalar da kai, ka bi Settings, System, Recovery, ka danna Go back. Fayilolinka za su tsira, sai dai manhajojin da ka ɗora bayan ɗagawar za ka sake ɗora su, kuma tsohuwar kalmar sirrin da kake shiga Windows 10 da ita za a tambaye ka.

Bayan kwana 10 Windows na share jakar da kanta don ta samu wuri. Wasu kuma da hannunsu suke share ta a rana ta farko, sun ga wata ƙatuwar jaka ta cinye musu gigabait masu yawa. Wanda ya share ta ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Shawarata ga wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi: ya gwada wannan da wuri, kada ya ajiye ta a ƙarƙashin gado yana jiran ƙarshen wata.

Allo ya yi shuɗi yana neman BitLocker recovery key. Ni ban taɓa sa wani BitLocker ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin ita kaɗai ce za ta iya raba mutum da fayilolinsa har abada alhali faifan lafiyarsa lau.

BitLocker tsari ne da ke kulle duk abin da ke cikin faifai ta yadda ko an sace laftop an cire faifan ba za a iya karanta komai ba. Makullin yana ajiye a wata 'yar na'ura da ke kan allon uwa mai suna TPM. Kullum ka kunna, TPM kan duba ko komai na nan yadda ta san shi, in ta gamsu sai ta saki makullin ba tare da ka sani ba. Da zarar ta ga sauyi, misali an sabunta BIOS, an kashe ko an kunna Secure Boot (saitin tsaro a BIOS da ke hana na'ura tashi da manhajar da ba a amince da ita ba), ko an mayar da faifan wata na'ura, sai ta riƙe makullin ta ce a kawo na ko-ta-kwana. Ba sai ka kunna shi da kanka ba. A laftop da yawa, da ka shiga da asusun Microsoft a ranar farko kullewar ke fara aiki, kuma daga fitowar Windows 11 ta shekarar 2024, mai suna 24H2, an faɗaɗa yawan na'urorin da hakan ke faruwa a kansu. Akwai ma lokacin da sabuntawar wata-wata ta Yulin 2024 ta jefa wasu kwamfutoci cikin wannan allon ba tare da masu su sun taɓa komai ba.

Makullin lambobi 48 ne, kashi takwas, kowane kashi lamba shida. Ka ɗauki waya ka shiga aka.ms/myrecoverykey da asusun Microsoft ɗin da aka fara buɗe kwamfutar da shi. Za ka ga jerin makullai, kowanne da Key ID a gefensa. Ka zaɓi wanda harufan farkonsa suka yi daidai da na kan allonka. Idan laftop ɗin ta ofis ce ko ta makaranta, makullin yana wurin masu kula da kwamfutocin wurin.

Matsalar da ta fi damun mutanenmu ita ce asusun ba nasu ba ne. An sayi laftop a shago, yaron shago ya saita ta da wani imel da ya ƙirƙira nan take don ya wuce matakin, ko ƙani ne ya saita wa yayarsa da nasa imel ɗin, shekara biyu ke nan kowa ya manta. To sai a nemo mutumin, domin makullin yana cikin asusunsa. Microsoft da kansa ba ya iya ba ka makullin da ba ya cikin asusunka, kuma babu mai gyaran da zai fasa kullewar, komai gwanintarsa.

Abu biyu kafin ka fid da rai. Idan kai ne ka sauya wani abu a BIOS kafin allon ya fito, ka koma ka mayar da shi daidai yadda yake, sau da yawa TPM kan sake sakin makullin. Na biyu, duk inda ka ga Clear TPM a cikin BIOS, ka nisance shi. Wanda ya danna shi ba shi da lambobi 48 ɗin a hannu ya gama da fayilolinsa. Wanda kuwa tasa ke aiki yau, ya buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, a matsayin Administrator ya rubuta wannan, ya kwafe lambobin a takarda:

manage-bde -protectors -get C:

Tana rubuta No bootable device, ko Boot Device Not Found da lambar 3F0. Faifan ne ya mutu?

Wataƙila, amma idan saƙon ya fito ne daidai lokacin da ake ƙoƙarin komawa Windows 11, to na fi zargin saiti. Ga yadda abin yake faruwa. Windows 11 tana buƙatar UEFI, wato sabon tsarin BIOS, da Secure Boot da TPM 2.0. Laftop na hannu da yawa da ake sayarwa an ɗora musu Windows 10 ne a tsohon tsarin da ake kira Legacy, faifan kuma an tsara shi a MBR, tsohon salon raba faifai. Mutum ya ga an ce kwamfutarsa ba ta cancanta ba, ya kalli bidiyo, ya shiga BIOS ya kashe Legacy ya kunna UEFI. Shi kuwa UEFI faifan da aka tsara a sabon salo mai suna GPT yake nema, bai same shi ba, sai ya ce babu abin da zai tashi da shi. Windows ɗinka tana nan, ba a taɓa ta ba.

Ka koma BIOS. A HP ka danna Esc da zarar ka kunna, sai F10. A Dell da Acer da Asus F2 ne. A ThinkPad na Lenovo F1. Ka mayar da Legacy ko CSM yadda yake, Windows 10 za ta tashi. Ka kwafe muhimman fayilolinka, sannan ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

mbr2gpt /validate /allowFullOS

Idan ta ce komai daidai, sai ka bi da:

mbr2gpt /convert /allowFullOS

Wannan yana juya faifan zuwa GPT ba tare da share komai ba. Bayan ya gama ne za ka koma BIOS ka kunna UEFI, ba kafin nan ba. Yakan ƙi idan an raba faifan fiye da manyan kashi uku.

Idan ba ka taɓa saitin nan ba, ka duba jerin abin da ake fara tashi da shi, ka tabbata Windows Boot Manager ne a sama. Ka kuma dubi kwanan wata a BIOS. In ka ga ya koma wata tsohuwar shekara, ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS ne ya mutu, shi ya sa saitin ke komawa na asali duk lokacin da babban batir ya ƙare. A canza shi, ba shi da tsada.

Na ga lamba 0xc000000e, wani lokaci 0xc0000225 ko 0xc000000f.

Duk ukun kusan magana ɗaya suke yi: ɗan bayanin da ke nuna wa kwamfuta inda Windows take a cikin faifai ya ɓace ko ya lalace. Kamar gida ne da kayansa cike a ciki, allon kwatancen da ke bakin titi ne kawai ya faɗi. Sake rubuta bayanin ake yi. Daga shafin gyara ka buɗe Command Prompt ka rubuta diskpart, sai list vol. Za ka ga jerin kashe-kashen faifan. Ka nemi ƙarami wanda aka rubuta FAT32 a gabansa, galibi megabait 100 ne ko 260. A ce lambarsa 2:

select vol 2
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne harafin C. A shafin gyara ba lallai Windows ta kasance a C ba, takan koma D ko E. Ka rubuta dir C:\ ka gani ko akwai jakunkunan Windows da Users. In babu, ka gwada dir D:\ har ka same su, ka yi amfani da wannan harafin. Tsofaffin bayanai a intanet za su ce ka rubuta bootrec /fixboot, kai kuma ka ga Access is denied ka tsorata. Wannan amsar ta zama ruwan dare a na'urorin UEFI, ba alamar wata sabuwar ɓarna ba ce. Kuma a cikin diskpart akwai umarnin clean. Shi yana goge tsarin faifan ne gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba, don haka ba shi da gurbi a wannan gyaran.

Saƙon da nake gani shi ne INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

A nan Windows ta fara tashi, sai ta kasa magana da faifan da take kai. Dalilin da aka fi samu shi ne saitin SATA a BIOS ya sauya tsakanin AHCI da RAID, wanda wasu na'urori ke kira Intel RST ko VMD. Windows tana tashi ne da direban tsarin da aka ɗora ta a kai. Laftop ɗin Dell da yawa suna fitowa a RAID On, mai sayarwa ya mayar AHCI ya ɗora Windows, sai sabuntawar BIOS ta mayar da saitin na asali. Ka shiga BIOS ka sauya zuwa ɗayan, ka gwada. In bai yi ba ka mayar. Idan ba daga nan ba ne, ka cire sabuntawa ta ƙarshe ta Uninstall Updates. A sababbin fitowar Windows 11 allon kuskuren ya koma baƙi maimakon shuɗin da aka saba, amma sunan kuskuren yana nan a ƙasan allo, shi za ka ɗauka a hoto.

Tana wuce tambari, har na sa kalmar sirri, sai allo ya yi baƙi, kibiyar maus kaɗai ke yawo.

Wannan ta tashi, hoto ne bai fito ba. Yawanci direban hoto ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar nuna hoto ta Intel ko AMD ko NVIDIA. Tsohon bai dace da sabuwar Windows ba. Ka danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ƙara, allon ya ƙyafta, direban ya sake tashi. In bai yi ba ka danna Windows da P, domin wani lokaci tana tura hoton ne zuwa wani allo na biyu da babu shi, musamman ga wanda ya saba haɗa ta da talabijin ko majigi. Ko ka danna Ctrl da Shift da Esc, in Task Manager ya buɗe ka zaɓi Run new task ka rubuta explorer.exe.

Idan duk ba su yi ba, ka shiga shafin gyara, Startup Settings, Restart, ka danna 4 don Safe Mode, wato tashi da muhimman direbobi kawai, ko 5 in kana son intanet. A can ka buɗe Device Manager, ka cire direban da ke ƙarƙashin Display adapters, ka sake kunnawa, sannan ka sauke sabo daga shafin kamfanin laftop ɗin. Tun da kana cikin Safe Mode, ka cire tsohuwar manhajar kariya daga bairos da aka ɗora maka a shago, musamman wadda wa'adinta ya ƙare tuntuni. Irinsu da tsofaffin direbobi su ne kan haddasa kuskuren 0xC1900101, wanda ke sa ɗagawar ta yi nisa sannan ta koma baya.

Ta ce PIN ɗina ba ya samuwa.

PIN yana ɗaure ne da TPM, don haka sauyi a BIOS kan tsinke shi. Ka danna Sign-in options ka shiga da kalmar sirrin asusun, ko ka haɗa ta da intanet daga ƙasan allon ka saita sabon PIN. In Wi-Fi ɗin ma ya ɓace, ka haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering.

An ce laftop ɗin ba ta cancanci Windows 11 ba, amma wani ya ɗora min ta dole. Shi ne dalili?

Zai iya zama. A hukumance Windows 11 tana karɓar firosesan Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, da AMD Ryzen daga jerin 2000, sai RAM gigabait 4 da faifai gigabait 64. A sunan firosesan Intel, lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zuriya: i5-6300U ta 6 ce, i5-8250U ta 8, amma daga zuriya ta 10 lambobi biyu na farko ake dubawa. Laftop ɗin tokumbo da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, duk 'yan zuriya ta 6 ne. Na'urori ne masu ƙarko, kuma idan aka tsallake binciken cancanta da manhaja irin Rufus, Windows 11 tana aiki a kansu. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin sabuntawa ga irinsu ba, kuma babbar fitowa ta shekara-shekara ba ta zuwa musu da kanta, sai an sake ɗorawa da hannu, a nan ne kuma ake yawan samun cikas.

Akwai waɗanda dabarar ba ta yi musu kwata-kwata. Daga 24H2 Windows 11 tana buƙatar firosesa mai SSE4.2, abin da tsofaffi irin Core 2 Duo ba su da shi. Irin wannan ko an tsallake binciken, za ta yi ta kashe kanta tana sake tashi ne kawai. Mai irin wannan na'ura ya koma Windows 10, ko ya ɗora Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 na gida shirin ƙarin sabuntawar tsaro mai suna ESU har zuwa 13 ga Oktoba 2026. A ganina, ɗalibin da ke tsakiyar rubuta furojet da laftop 'yar zuriya ta 6 ba shi da dalilin taɓa Windows ɗinsa sai ya miƙa aikin.

Ina da Ubuntu tare da Windows. Yanzu shafin zaɓin ya ɓace, kai tsaye Windows take shiga.

Ubuntu ɗinka tana nan. Windows ce ta ɗora kanta a saman jerin tashi, ta danne GRUB, wato shafin zaɓin. Ka danna maɓallin jerin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus, ka zaɓi ubuntu, sannan ka gyara jerin a BIOS. In babu ita a jerin, ka tashi daga filash ɗin Ubuntu ka yi amfani da Boot-Repair. Idan kuma saƙon da kake gani shi ne Verifying shim SBAT data failed, wannan ya samo asali ne daga sabuntawar Windows ta Agustan 2024, wadda ta toshe tsofaffin manhajojin tayar da Linux. Ana kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a shiga Linux a sabunta ta, a mayar. Amma ka riƙe lambobin BitLocker a hannu kafin ka taɓa Secure Boot.

Mai gyara ya ce babu mafita sai famatin. In yarda?

Ka tambaye shi: Malam, za ka fara kwashe min fayilolina? Famatin shi ne hanya mafi sauri ga mai gyara, cikin awa ɗaya ya sallame ka ya karɓi na gaba, kuma gaskiya wani lokaci shi ne maganin. Amma kwashe fayiloli ba ya buƙatar Windows ta tashi. Kai ma za ka iya: ka sa filash ko faifan waje, ka buɗe Command Prompt a shafin gyara, ka rubuta notepad. Idan ya buɗe ka danna File, sai Open, ka sauya nau'in fayil zuwa All Files. Tagar da ta fito za ta nuna maka duk faifan. Ka shiga Users, ka shiga jakar sunanka, ka danna dama a kan Documents ko Desktop ka kwafa, ka liƙa a filash. Ba za ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, za ta yi kamar ta sandare, ka yi haƙuri har ta dawo. Haka kuma ana iya tashi daga filash ɗin Ubuntu a zaɓi Try Ubuntu, ko a ciro faifan a sa shi a gidan faifai na USB a karanta a wata kwamfuta. Duk waɗannan, in akwai BitLocker, sai da lambobin.

Bayan fayiloli sun tsira, akwai matakin da bai kai famatin ba: Troubleshoot, Reset this PC, Keep my files. Yana sabunta Windows, ya cire manhajoji, ya bar maka takardu da hotuna. Local reinstall ba ya cin data. Cloud download yana iya cin sama da gigabait 4, amma shi ya fi dacewa idan fayilolin Windows ɗin da ke ciki ne suka lalace.

Ta yaya zan gane cewa faifan ne da gaske ya mutu?

Sauya Windows yana sa faifai rubuce-rubuce masu yawa a lokaci ɗaya, don haka faifan da dama ya kusa gajiyawa yakan ƙarasa a nan, sai a ɗora wa Windows 11 laifi. Ka gwada shi da abin gwajin da ke cikin na'urar, wanda ba ruwansa da Windows. A HP ka danna Esc sai F2, ka zaɓi gwajin faifai. A Dell ka danna F12 ka zaɓi Diagnostics. Idan gwajin ya faɗi, ko BIOS ba ya ganin faifan sam bayan an ciro shi an sake zaunar da shi da kyau, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin faifai mai juyawa, to shi ne. A wannan halin kada ka gudanar da chkdsk, kada ka yi ta kunnawa kana kashewa, domin kowane juyi na ƙara masa rauni. A ciro shi a kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna, takardu kafin bidiyo, sannan a sa SSD a ɗora Windows sabuwa. Lasisin Windows na yawancin laftop yana ɗaure ne da allon uwa, don haka idan aka ɗora irin wadda take kai a da, Home ko Pro, da ta hau intanet za ta kunna kanta ba sai an sayi wani ba.